Alkama, Sukari da Koko: Tarihin Farantin Biki a Abuja

Idan azumi ya shiga goman ƙarshe, ko watan Disamba ya raba tsakiya, layin masu fulawa a kasuwannin Wuse da Garki da Utako ya fi kowane layi cinkoso. Wannan tana awon fulawa, waccan tana cinikin sukari da bota da madarar gari, wata kuma tana neman garin koko da ɗanɗanon na'ana'a na 'yar kwalba, domin yara sun ce bana cincin kaɗai bai ishe su ba, sai an haɗa musu da kukis mai cakulan irin wanda suka gani a waya. Kafin a kwana biyu ƙamshin suya da gashi ya gauraye unguwanni tun daga Maitama har Kubwa da Nyanya. Mutane da dama suna ɗaukar wannan hidima harkar madafa ce kawai, wadda ba ta kai a zauna a yi mata tarihi ba. Amma wanda ya bi sawun abin da ke cikin farantin da ake ajiye wa baƙi ranar Salla ko ranar Kirsimeti, zai tarar da ayarin Sahara a ciki, da jirgin ƙasan Turawa, da madatsun ruwan da aka gina da kuɗin fetur. Abin da tarihin ke nunawa shi ne, ƙasar Hausa ba ta taɓa ƙyamar baƙon abin zaƙi ba, takan karɓe shi ta mayar da shi ɗan gida. Sauyin da ya kamata ya dame mu ya faru ne cikin shekaru sittin da suka wuce, lokacin da aka raba farantin da gonar da ke ciyar da shi. Hannun da ke murzawa namu ne har yanzu, amma kusan duk abin da ake murzawar daga jirgin ruwa yake sauka.

Sunan Abuja kansa ya girmi birnin da muke gani. A farkon shekarun jihadi aka fitar da Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a yankin Zuba, cikin ƙasar Gbagyi da Koro. An kashe shi a yaƙi kusa da Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828, wato garin da yau ake kira Suleja. Waɗannan Zage-zagi sun taho da sarautunsu da hawan Sallarsu da tsarin aurensu, kuma duk inda aure da Salla na Bahaushe suka je, abin suya yana biye da su. Ƙasar da suka tarar ta doya ce da dawa da riɗi da kaɗanya, mai yawan ruwan sama da zuma. Alkama kuwa sanyin hunturu take so, irin wanda ake samu can arewa. Saboda haka tun a wancan zamani farantin biki a wannan yanki haɗin gambiza ne tsakanin abin da ƙasa ta bayar da abin da fatake suka kawo, sai dai tafiyar fataken alkama ba ta wuce ta kwanaki a kan jaki ba, kuma kuɗin da aka biya a hannun manomin da ke jin yarenka yake ƙarewa.

Alkama tsohuwar baƙuwa ce a ƙasar Hausa da Barno. Ta hanyar Sahara ta shigo, tare da Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka zauna a unguwannin da ke kewaye da Kasuwar Kurmi a Kano. Ba ta zama abincin yau da kullum ba, domin nomanta akwai wahala: da rani ake shuka ta a fadama, a yi ta ɗebo ruwa da jigo ana zubawa fangali bayan fangali, tun farkon sanyi har ta nuna kafin zafin bazara. Da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso Kano a 1824, ya rubuta cewa ya ga ana sayar da abincin alkama iri uku a kasuwa, ɗaya a nannaɗe yake kamar igiya, wani kuma ƙanana ne masu kumburi da ake kwarara wa zuma da narkakken man shanu. Wanda ya san alkaki da funkasau da gurasa ba zai sha wuyar gane dangin abin da baƙon ya gani ba. Wannan shaida ta nuna cewa shekaru ɗari biyu da suka wuce, tun ba a san hanyar tashar jiragen ruwa ta Apapa ba, Kano tana da sana'ar sarrafa alkama cikakkiya, daga mai noma zuwa mai niƙa zuwa mai suya, kuma baƙon hatsi ya riga ya samu gona da suna da matsayi a cikin gari.

Tsadar alkama ce ta sa ta zama ta biki. Abin da ba a samunsa kullum shi ake ajiye wa ranar girma, shi ya sa alkaki ya zauna a cikin gara, kayan da dangin amarya ke kaiwa gidan miji, da kayan suna, da abin da ake kaiwa surukai da Salla. Aikinsa ma na kwanaki ne: a ɓarza alkama, a kwaɓa a bar ta ta kwana ta tashi, a murza a naɗe, a soya, sannan a tsoma cikin zuma ko dafaffen sukari mai tsamiya ko lemun tsami. Nakiya kuwa daga shinkafa take, a soya gari a daka da zuma da man shanu da citta da kanumfari da masoro da kimba, har ta kama jikinta. Akwai hikima a bayan wannan haɗi. Zuma da mai da kayan yaji suna hana abinci lalacewa, don haka nakiya takan yi watanni a cikin kwalla ba ta canza ba, amarya tana gutsura tana ba baƙi, mai jego tana samun ƙarfi, matafiyi yana yin guzuri. A ƙasar da babu firji, iya adana zaƙi ilimi ne, kuma mata ne malamansa. Kowane abu da ke cikin kwallar nan ana iya nuna inda ya fito: shinkafar fadama, man shanun Fulani, zumar amya, citta daga kudancin Zazzau, sai kanumfari da ya yi doguwar tafiya. Daga baya mazarƙwaila ta shigo sahu, daga gonakin rake na Maƙarfi da kewaye, ta sauƙaƙa wa talaka abin da a da sai mai zuma.

Zuwan Turawa ya buɗe wata ƙofa daga kudu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga 1912 kuma gyaɗa ta fara gangarawa Ikko da yawan da ba a taɓa gani ba, har aka kai ga dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Babban abin da masana'antun Turai ke yi da man wannan gyaɗa shi ne sabulu da botar gwangwani, wadda wani Bafaranshe ya ƙirƙiro a 1869 don ta maye gurbin man shanu. Jirgin da ya tafi da gyaɗa shi ya dawo da farar fulawa da sukarin ƙwaya da madarar gwangwani da biskit, aka jera su a kantunan Sabon Gari. Kukun gidajen Turawa, da 'yan matan da suka koyi girki a makarantun mishan da na gwamnati, su suka fitar da kek daga barikin Turawa zuwa cikin gari. Kiristocin Arewa, ciki har da Hausawan Wusasa, da ma'aikatan jirgin ƙasa 'yan kudu, suka sa shinkafa da cincin da kek suka zama alamar Kirsimeti, maƙwabtansu Musulmi suka ɗanɗana suka ɗauka. Matan Hausa ba su jira murhun gashi na Bature ba. Sun zuba yashi a tukunya, sun jera gwangwanayen madara da aka shafe da mai, sun ɗora garwashi a kan murfi, kek ya gasu sama da ƙasa. Dublan da gireba, waɗanda farar fulawa mai laushi ta fi dacewa da su, suka samu wuri kusa da alkaki a cikin gara.

Har zuwa samun mulkin kai, fulawar kanti ta masu albashi ce. Abin da ya mayar da ita ta kowa shi ne kamfanin Flour Mills of Nigeria, wanda aka yi wa rajista a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa a 1962. Tun daga tushe an gina shi ne a bakin teku domin ya niƙa alkamar da jiragen ruwa ke kawowa, galibi daga Amurka. A shekarun 1970 kuɗin fetur ya shigo, naira ta yi ƙarfi, aka kafa injinan niƙa a wasu birane har da Kano, burodi da shayi suka zama karin kumallon lebura da ɗan makaranta. Alkamar waje ta fi ta gida araha nesa ba kusa ba, ga fari ga laushi, ga shi ba sai an surfa an ɓarza ba. Cincin, wanda mace ɗaya za ta iya cika bokiti da shi a wuni guda, ya ture alkaki mai cin kwanaki daga tsakiyar faranti zuwa gefe. A 1985 wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin da suka yi aiki a Arewa, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan wannan hali, inda suka kira shi tarkon alkama: ƙasa ta saba da cin abin da ba ta nomawa, ta gina masana'antu da sana'o'i a kansa, har fita ta zama da wuya ko da aljihu ya bushe.

Gwamnatoci sun yi yunƙurin fita, kuma yunƙurin ya ci dukiya. An kammala madatsar Tiga a 1974 domin ta shayar da filayen Kadawa da Kura, aka gina Bakolori a kan kogin Sakkwato, aka shimfiɗa babban aikin ban ruwa a kudancin Tafkin Cadi, kuma alkama tana cikin manyan dalilan dukkansu. A Bakolori manoman da aka karɓe wa gonaki sun tashi neman diyya, a watan Afrilun 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, rayuka suka salwanta. A Cadi kuwa fari ya sa tafkin ya ja baya ya bar magudanan a bushe. A farkon 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama ɗungurungum. Noma ya ƙaru a Kano da wasu jihohi, amma bai kusa cike giɓin ba, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano, injinan niƙa suka zauna babu aiki, a 1992 aka janye haramcin. Bayan shekaru kusan talatin, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan noman 2021 ya nuna alkamar da aka girbe a faɗin Najeriya ba ta kai tan 40,000 ba, alhali ana shigo da sama da tan miliyan 4 a shekara.

Labarin sukari ɗan'uwan na alkama ne. An kafa gonar rake da masana'anta a Bacita ta jihar Kwara a shekarun 1960, aka biyo da ta Savannah a Numan, dukkansu suka yi ta tangal-tangal a hannun gwamnati. A shekarar 2000 matatar sukari ta Ɗangote ta fara aiki a Apapa, tana tace ɗanyen sukarin da ake kawowa daga Barazil, sauran manyan matatun ma a bakin ruwa suke. A 2012 aka amince da babban shirin ƙasa na noman rake, wanda Hukumar Bunƙasa Sukari da ke Abuja ke kula da shi, a 2018 kuma aka buɗe gonar Sunti kusa da Mokwa a jihar Neja. Duk da haka fiye da kashi 90 cikin ɗari na sukarin da muke sha daga waje asalinsa yake. Mai mazarƙwaila a Maƙarfi yana nan da injinsa da tukwanensa, amma ba a taɓa sa shi a lissafin manyan tsare-tsare ba.

Koko, wanda ake yin cakulan da shi, ya bi hanyar da ta saɓa wa waɗannan biyun, domin shi mu ke nomawa, wasu su sarrafa. Asalinsa nahiyar Amurka ne, inda mutanen Meziko na da suke shan sa da ɗaci da yaji. Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16 suka zuba masa sukari. A 1828, shekarar da Abu Ja ya kafa garinsa, gidan Van Houten na Holan ya samu lasisin injin matse man koko, wanda ya ba da garin da ake kwaɓawa a kek da kukis a yau. Kamfanin Fry na Ingila ya fito da cakulan na sanda a 1847, Daniel Peter na Suwizalan ya haɗa shi da madara a 1875. Da buƙata ta ƙaru sai itacen ya ƙetaro zuwa tsibiran Sao Tome da Fanando Po, daga nan Tetteh Quarshie ya kai shi ƙasar da yau ake kira Gana a 1879, manoman Agege da Ibadan da Ondo ma suka rungume shi. Kuɗin koko ne ya ɗauki nauyin ilimi kyauta da gwamnatin Obafemi Awolowo ta fara a Jihar Yamma a 1955, shi ya gina dogon benen Cocoa House a Ibadan a 1965. Hausawa ba baƙi ba ne a wannan daji. Fataken goro sun riga kowa sanin hanyar Gwanja, zangon Kumasi da Sabo na Ibadan da Shagamu sun cika da 'yan Arewa, kuma 'yan ci-rani da yawa sun yi ƙwadago a gonakin koko.

Yau Afirka ta Yamma ce ke ba duniya mafi yawan kokonta, Kwaddibuwa da Gana a gaba, Najeriya tana cikin na sahun farko, da gonaki a Ondo da Osun da Ikom ta Kuros Riba. Amma akasarinsa a buhu yake fita, ɗanye, a sarrafa shi a Holan da Beljiyam da Jamus. Talakan Najeriya ya fi sanin ɗanɗanonsa a Bournvita, wadda kamfanin Cadbury ke yi a Ikeja, da kuma Milo. A 2024 farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya saboda cuta da sauyin yanayi a gonakin Gana da Kwaddibuwa, matar da ke gasa kukis a Gwarimpa ta ji tsadar a kantin da take sayen cakulan ɗin da aka yi a Turai, wataƙila da kokon Ondo. Haka na'ana'a take. Ganyenta yana tsirowa a lambunan Kano da Zariya da Jos, masu shayi suna jefa shi a buta kullum, amma ɗanɗanon da ake ɗigawa a kwaɓin kukis a kwalba yake zuwa daga ƙetare.

Sabuwar Abuja ita ta tara waɗannan hanyoyi wuri guda. Dokar soja ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairun 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, ta yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, gwamnati kuma ta tare a ranar 12 ga Disamban 1991. Ma'aikata suka zo daga kowace kusurwa, aka zuba su a rukunin gidaje na Garki da Wuse da Kubwa, Bakanuwa tana ƙofa da ƙofa da 'yar Inugu da 'yar Ijabu da 'yar Gbagyi da aka tarar a wurin. A garin da kowa baƙo ne, ba shi da kaka ko goggo a kusa, maƙwabci ya zama dangi, faranti ya zama ɗan aike. Da Salla a aika yaro da nama da dublan, da Kirsimeti kwanon ya dawo da shinkafa da cincin da kek. Masallacin Ƙasa da Cibiyar Kiristoci ta Ƙasa suna kallon juna a tsakiyar birni, amma zaman tare na gaskiya a irin wannan aike yake tabbata. Ofisoshin jakadanci da manyan otal-otal da kantunan zamani, daga baya kuma Instagram da YouTube, su suka kawo kukis mai cakulan da na'ana'a, wanda a Amurka na lokacin Kirsimeti ne. Shi ma yana da kakanni. Tun ƙarnonin tsakiya garin Nurambag na Jamus ya shahara da gashin zuma da citta da kanumfari da kirfa, kusan kayan haɗin nakiya, Jamusawa da mutanen Holan suka ƙetara da al'adar zuwa Amurka.

Akwai masu cewa maganin abin shi ne a kori baƙon, a koma ga alkaki da nakiya, domin kukis kwaikwayon Turawa ne, kuma wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Kishinsu abin girmamawa ne, kuma gaskiya ne cewa a gidaje da yawa na Abuja babu sauran wadda ta iya naɗin alkaki, sai dai a yi oda daga Kano ko Zariya. Amma tarihi bai goyi bayan korar ba. Alkamar alkaki ta Sahara ta biyo, kanumfarin nakiya daga gabashin duniya yake, gurasar da Kano ke alfahari da ita Larabawa suka zo da ita, gyaɗar ƙuli-ƙuli ma asalinta Amurka ta Kudu ne. Da kakanninmu sun rufe ƙofa, da babu ko ɗaya cikin abubuwan da muke kira namu. A Masar Musulmi suna gasa kahk da Ƙaramar Salla, Kibɗawa suna gasa shi a nasu bukukuwan, kuma babu wanda addininsa ya ragu. Abin da magabata suka yi wanda mu muka kasa shi ne, da suka karɓi alkama sun nema mata fadama, sun koyi nomanta da niƙanta. Mu mun karɓi girkin mun bar noman, ga shi kuwa an ce kayan aro ba ya rufe katara.

Masana tattalin arziki suna da tasu hujjar, kuma ta fi ta farko nauyi. Suna cewa alkama amfanin ƙasar sanyi ce, manomin Kanada ko Rasha zai noma ta da arahar da na Haɗeja ba zai iya ba, haramcin 1987 ya gwada ya faɗi, don haka a bar kowa ya noma abin da ƙasarsa ta fi iyawa. Babu mai musun cewa haramci bai yi aiki ba, kuma ba shi ake nema ba. Sai dai arahar da ake magana ta dogara ne da ƙarfin naira da zaman lafiyar wasu ƙasashe. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, da cire tallafin fetur da sakin naira a 2023, sun nuna haka a fili, lokacin da buhun fulawa ya yi tashin gwauron zabo, gidajen burodi suka yi ta rufewa, iyaye mata suka rage mudun cincin. Sannan idan hujjar ita ce kowa ya tsaya ga abin da ƙasarsa ta iya, to koko da rake da citta da riɗi da gyaɗa da zuma da shinkafa duk ƙasarmu ta iya su, me ya sa su ma sarrafaffensu daga waje yake zuwa? Kayan biki kuma ba burodi ba ne da ke cin miliyoyin tan. Kasuwa ce ƙarama mai daraja, inda mai saye yake yarda ya ƙara kuɗi don inganci, kuma alkamar gida ita ce ta fi dacewa da alkaki da funkasau. Alkamar da ake nomawa a Jigawa da Kano da Kebbi, da irin da Cibiyar Binciken Tafkin Cadi ta Maiduguri ke fitarwa, za su iya riƙe wannan kasuwa tun kafin su iya riƙe ta burodi.

Wasu kuma za su ce a lokacin da mutane ke neman abin kaiwa baki, kuma ciwon sukari yana yaɗuwa a birane, maganar kayan zaƙi shagala ce. Batun lafiya gaskiya ne, amma tsohon tsari ya riga ya amsa shi: zaƙi na ranar biki ne, gutsure ake yi a miƙa wa na kusa. Cutar ta zo ne da sukari ya zama na safe da rana da dare, a shayi da lemon kwalba. Batun yunwa kuwa hujja ce a kan muhimmancin maganar. Suya da gashi sana'a ce da mata masu yawa a Abuja da Suleja da Mararraba suke riƙe gida da ita, daga mai kai cincin shago a leda zuwa mai karɓar odar kayan gara ta waya, da yawansu ba tare da sun fita daga ɗakinsu ba. Duk ranar da dala ta motsa, jarinsu ne ke narkewa. Kuma idan tsada ta sa gida ya daina aika faranti maƙwabta, an yi asarar da ta wuce ta abinci, a birnin da ba shi da wata tsohuwar igiya da ta ɗaure mazaunansa.

Abin da ya rage shi ne a sake ƙulla abin da aka tsinka, kuma aikin yana da masu shi. Makarantun koyon girki da ke cike da 'yan mata a Abuja su sa alkaki da nakiya da dublan a manhaja kusa da kek da kukis, su ɗauko tsofaffin gwanaye su koyar, a auna a rubuta, tun masu ilimin suna raye. Masu gashi su nemi garin kokon da aka niƙa a Ondo da Ikko, da na'ana'ar lambu, da mazarƙwaila da zuma da man shanu, su gwada garin dawa da acca da aya, su rubuta a jikin kwali inda kowane abu ya fito domin mai saye ya sani. Hukumomin da ke zaune a wannan birni, daga NAFDAC zuwa ma'aikatar noma, su sauƙaƙa wa ƙananan masu sarrafawa rajista da bashi, su ba mai niƙa alkamar gida da mai dafa rake kulawar da aka daɗe ana ba masu matatu a bakin teku. Otal-otal da ofisoshin gwamnati da ke rabon kwandon biki kowace Salla da Kirsimeti su fara da kansu. Yaron da ya nemi kukis mai cakulan bai yi laifi ba, a gasa masa. Hakkin da ke kan manya shi ne su tabbatar cewa kuɗin wannan kukis ya isa hannun manomin koko a Ondo da manomin alkama a Haɗeja da mai rake a Maƙarfi, domin ta haka ne kawai baƙon abinci yake zama ɗan ƙasa.